Haske na isowa amma layin faiba ya ƙi tashi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da na'urorin intanet na wani kamfani a Samaru, Zariya. Mun ja faiba tsakanin gine-gine biyu, mun saka modul ɗin SFP28 na 25G LR (ƙaramar na'urar da ake cusawa a rami don aika da karɓar haske ta faiba) a suwic, ɗayan kuma a katin saba. Kowane ɓangare na nuna haske na shigowa kamar -4 dBm, amma layin bai taɓa tashi ba. Wani abokin aiki ya ce in kunna "link-training". Na kunna, babu canji.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara kashe wancan saitin, ba don irin layinka aka yi shi ba. Horon layi, wato link-training, kamar yadda sashe na 72 na ƙa'idar IEEE 802.3 ya fara tsara shi, na wayar tagulla ne da allon cikin na'ura. A can mai karɓa yakan ce wa mai aikawa ya ƙara ko ya rage ƙarfin gyaran siginarsa har ta fito tsaf, kuma ana ba su rabin daƙiƙa su gama. Modul ɗin haske na 10G da 25G ba ya wannan zancen. Yana tsaye a tsakiya, yana mai da wuta haske, saƙonnin horon da na sasanta gudu ba sa ratsa shi yadda ya kamata. Ɓangaren da aka kunna wa zai zauna jiran amsar da ba za ta zo ba.

Karatun -4 dBm da kake gani yana cikin iyaka sosai ga 25G LR, amma abu ɗaya kawai ya tabbatar: leza na aiki, gilashin bai karye ba. Kafin layi ya tashi akwai matakai. Da ka cusa modul, na'urar za ta karanta bayanansa ta wayoyi biyu na I2C a adireshin A0h: irinsa, gudunsa, wanda ya ƙera shi. Wasu na'urorin nan suke tsayawa idan ba su san kamfanin ba, don haka duba ko ta rubuta cewa ba ta amince da shi ba. Idan ta yarda sai ta saki TX_DISABLE, siginar da ke hana leza aiki, leza ta kunnu. A ɗaya gefen, haske ya kashe alamar RX_LOS mai nuna rashin haske, sai da'irar CDR, mai gano bugun sigina, ta zaro agogo daga cikin siginar kanta, a gudun 25.78125 Gbd. Kowane ɓangare da agogonsa, an yarda kowanne ya kauce da ±100 ppm, wato kashi 100 cikin miliyan.

Bayan agogo sai neman inda kowane tubalin bayanai ya fara, kuma a nan nake zargin ka maƙale. A tsarin 64b/66b, kowane tubalin bit 66 na farawa da 01 ko 10. Mai karɓa na zamewa bit ɗaya bayan ɗaya har ya ga kawuna 64 masu kyau a jere, sannan ya kama. Amma 25G LR an tsara shi ne da RS-FEC, tsarin gyara kurakuran sigina, wanda ke sake shirya bayanan gaba ɗaya: yana haɗa tubala huɗu ya mai da su bit 257, ya jera alamomi 528 masu bit 10, 514 na saƙo, 14 na gyara, yana iya gyara har bakwai da suka lalace. To idan suwic ya kunna RS-FEC katin saba bai kunna ba, ɗaya na neman kawunan da babu su, ɗayan na neman alamomin da ba a aiko ba. Akwai ma wani FEC ɗin, na sashe na 74, wanda wasu tsofaffin katunan 25G shi kaɗai suka iya. Shi ma ba ya jituwa da RS. Kalmar "auto" ita ke yaudarar mutane, domin ba tare da sasantawa ba kowane kamfani da abin da yake zaɓa.

Sai ka saita da hannunka. Idan Linux ce a sabar, "ethtool --show-fec" da sunan katin zai nuna abin da ke aiki, "ethtool --set-fec" tare da "encoding rs" ya tilasta RS. Kashe sasanta gudu, ɗaure gudun a 25000. Yi haka nan a suwic, sannan ka sauke ramin da modul ɗin ke ciki ka sake tayar da shi, don wasu na'urorin ba sa ɗaukar sabon FEC sai an yi hakan. A wasu suwic ramukan 25G huɗu-huɗu suke tarayya a gudu ɗaya, modul ɗin 10G a maƙwabcin rami zai iya hana naka tashi.

Idan har yanzu shiru, duba irin laifin da kowane gefe ke rubutawa. Wanda ya ce "local fault" shi ne bai gane abin da ke shigo masa ba. Mai cewa "remote fault" yana ji lafiya, abokinsa ne ke kuka. Ɗauki gajeriyar waya ka haɗa TX da RX, wato bakin aikawa da na karɓa, na modul ɗaya. Idan ya tashi da kansa, katin da modul ɗin lafiya suke, matsalar na saiti ne ko na hanya. Modul ɗin kilomita 40 kada a yi masa haka ba tare da marage haske ba, yana iya ƙona mai karɓa.

In ya tashi yana faɗuwa, koma kan ƙura. Cibiyar gilashin mikiron 9 ce kacal, ƙurar hunturun Zariya ta isa ta ɓata shi. Goge kan LC, wato mahaɗin da ke bakin faiba, da alƙalamin gogewa duk lokacin da ka cire, ka mai da murfin roba a ramin da ba kowa, kuma kada ka leƙa cikinsa, hasken 1310 nm ido ba ya ganinsa. "ethtool -m" zai ba ka zafin modul. Na yau da kullum iyakarsa digiri 70 ne, ɗakin da wuta ta ɗauke masa sanyi a watan Afrilu na iya matsar da shi kusa da nan. Lissafin kalmomin da FEC ya gyara yana iya hawa ba komai, wanda ya kasa gyarawa shi ne ya kamata ya tsaya a sifili.