Tambayi Likita: Kumburin ya sace, ƙullutun ya ƙi tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, shekarata 43. Watan jiya ƙasan muƙamuƙina na hagu ya kumbura, ga zazzaɓi ga zogi, ko koko sai da ƙyar nake haɗiya. A asibiti aka ce jakar yawu ce ta kamu, aka ba ni ƙwayoyi na mako guda, na shanye tas. Zazzaɓin ya tafi, kumburin ya sace, amma har yau akwai ƙullutu mai tauri, girman ƙwallon dabino. Da na fara cin abinci sai wurin ya tashi yana suka, bayan awa ɗaya ko biyu ya kwanta. Surukata ta ce a kai ni wurin wanzami a yi sakiya. Ni kuwa tsorona kada ya zama daji. In ƙara sayen maganin ne? — Wata malama daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Taurin da ya rage bai tayar mini da hankali ba. Jakar yawu in ta sha kumburi takan ɗauki makonni kafin ta yi laushi, ko da ƙwayoyin cutar sun mutu tuntuni. Wani lokacin ma kaluluwar da ke kusa ce take jinkirin kwanciya.

Abin da na tsaya a kansa a wasiƙarki shi ne tashin da wurin ke yi lokacin cin abinci. Manyan jakunkunan yawu shida ne, uku a kowane ɓangare: ta gaban kunne, wadda hangum ke kumbura wa yara, sai ta ƙasan muƙamuƙi, sai ta ƙarƙashin harshe. Taki ita ce ta biyu. Yawunta ya fi na gaban kunne kauri, kuma bututunta, mai tsawon kamar santimita 5, sama yake hawa kafin ya ɓullo a ƙarƙashin harshe. Shi ya sa kusan 8 cikin kowace tsakuwa 10 da ake samu a hanyar yawu a nan take fitowa. Ba tsakuwar shinkafa nake nufi ba, don an sha tambayata haka. Sinadarin kalsiyam ne na cikin yawun kansa yake daskarewa. Da kin kai loma baki jakar za ta tatso yawu, ya tarar hanya a toshe, wurin ya cika ya yi suka, sannan ya riƙa tsiyaya a hankali har ya kwanta. Yawun da ya kwanta wuri guda kuwa shi ƙwayoyin cuta ke so. Ina kyautata zaton abin da ya jawo miki ciwon tun farko ke nan, ko kuma ciwon ya bar bututun a tsuke.

Saboda haka kada ki koma kemis. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya narkar da tsakuwa, kuɗinki kawai za ki zubar. Ki nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya sa yatsa ya laluba ƙarƙashin harshenki, a kuma yi miki sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Ƙaramar tsakuwa kan fito da kanta. In tana kusa da bakin bututun, ta cikin baki ake cire ta, ba a taɓa fatar wuya.

Kafin ki samu ganinsa, ki yawaita shan ruwa, balle ke da kike wuni kina magana a aji cikin ƙurar hunturu. Ki tsoma tawul a ruwan ɗumi ki gasa wurin, sannan ki murza a hankali daga kusurwar muƙamuƙi zuwa haɓa. Ki riƙa tsotsar lemun tsami ko tsamiya don yawu ya gudana. Zai ɗan yi suka da farko, in ya yi tsanani ki dakata. In kina shan Piriton, ko maganin hawan jini mai sa fitsari, ki faɗa wa likitan, don suna busar da baki. A kuma duba sukarinki.

Sakiya kam, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, amma kada ki yarda. Ba maruru ba ne. Jijiyar da ke motsa leɓenki na ƙasa ta nan take bi, ƙarfe ya taɓa ta baki ya karkace, wataƙila har abada.

Batun daji: ƙari na jakar yawu yawanci a hankali yake girma, galibi ba zafi, kuma ba ruwansa da lokacin cin abinci. Naki bai yi kama da shi ba, sai dai ba a yanke wannan hukunci ta wasiƙa. In ƙullutun ya kai mako shida bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, za a tsotsi ɗan samfuri da allura a auna.

Akwai abin da ba a jiran ranar ganin likita a kansa. In zazzaɓi ya dawo, ko kin ga mugunya na fitowa ƙarƙashin harshe, ki koma asibiti a ranar. In kuwa harshenki ya fara ɗagawa sama, baki ya ƙi buɗuwa, ko numfashi ya yi wuya, ko tsakar dare ne a kai ki sashen gaggawa.