Rataye talabijin a bango: a fara duba bangon kafin a je kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sayi talabijin inci 55, maigida yana so a rataye shi a bangon falo saboda yara sun dame shi da taɓawa. Gidan ginin bulo ne. Wane irin ƙarfe za mu saya, kuma anya ba zai faɗo ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙarfen ba shi ne abin damuwa ba. Ki juya bayan talabijin ɗin, za ki ga ramuka huɗu na noti. Tazarar da ke tsakaninsu ma'auni ne na duniya da ake kira VESA, kuma ana rubuta shi a littafin da ke cikin kwali, misali 200x200 ko 400x400, a milimita. Da wannan lambar za a je shago, a kuma duba nauyin da aka rubuta ƙarfen yana ɗauka. Talabijin inci 55 na zamani bai cika wuce kilo 20 ba. Sai dai a kula da tsawon notin da za a ɗaura a bayansa, galibi M6 ko M8 ne, wato mai kaurin milimita 6 ko 8. Idan ya yi tsawo aka matse shi da ƙarfi, yana iya taɓa kayan cikin talabijin ɗin.

Inda ake yin asara shi ne bangon. Bulonmu na inci 6 da inci 9 mai rami ne a ciki, ga shi wasu masu buga bulo suna ƙarancin siminti, har ka murje shi da yatsa ya zube. A irin wannan bango, fisha ta roba (wadda ake cusawa a hudar bango don ta riƙe noti) da ƙaramin noti takan riƙe na ɗan lokaci, sannan ta fara sassautawa. Ki sa mai aikin ya huda ya gani. In dirila ta shige fuu cikin rami, ya nemi wurin da bulon yake da kauri, ko ya yi amfani da noti mai buɗewa a cikin rami. Ni kam ba na ba da shawarar ƙarfe mai hannu da ake jawowa a juya, sai in bangon kankare ne ko bulo cikakke, don duk lokacin da aka jawo shi nauyin yana finciko notin sama. Ginin ƙasa da aka yi wa filasta kuwa, a haƙura da ratayewa, a sayi tebur mai ƙarfi a ɗaure talabijin ɗin da bango.

Kada a huda daidai saman soket ko makunnin wuta, wayoyin sukan bi ta nan a miƙe.

Tsayi kuma, masu ratayewa sun saba kai shi can kusa da silin. Ku zauna yadda kuka saba zama, tsakiyar allon ya zo daidai idonku. Masu zama a kujera, wajen mita ɗaya daga ƙasa. In a kan kafet kuke kallo kuma saboda yara dole a ɗaga shi, ku sayi ƙarfe mai ɗan sunkuyowa ƙasa. A tattare wayoyin a cikin bututun roba, don yaro bai isa allon ba amma ya isa wayar da ke reto.