Kwamitin hana wariya a sashen masu taɓin hankali: amsa ga ƙanwata ta Garwa

Assalamu alaikum ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, cewa shugaban asibitinku ya ɗora miki kafa kwamitin da zai tabbatar ba a ware kowa a sashen masu taɓin hankali ba saboda yarensa ko addininsa ko talaucinsa, kuma kina tsoron kada ya zama irin kwamitocin nan da ake zama biyu a watse. Tsoronki yana kan hanya. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a irin wannan sashe a nan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kuma sau biyu ana kafa irin wannan kwamiti da ni. Na farkon ya mutu, na biyun yana nan har yau.

Na farkon wata ƙungiyar agaji ce ta kawo shi da kuɗinta. Aka zaɓo manya zalla: likita, majo (shugaban ma'aikatan jinya), akanta, aka kuma duba a ce akwai Bafulatani ɗaya, Kirista ɗaya, mace ɗaya. Da Faransanci ake zama, a ƙarshe kowa ya sa hannu ya karɓi kuɗin zama. Ranar da aikin ƙungiyar ya ƙare, ranar kwamitin ya ƙare, kuma babu majinyaci ko ɗaya da ya san an taɓa yin sa.

Na biyun wata mata ce sanadinsa. 'Yar ƙabilar Mafa ce daga duwatsun wajen Mokolo, ba ta jin Fulatanci sosai balle Faransanci. Mijinta ne ya kawo ta, shi ne kuma ya yi mana tafinta. Ya ce tana jin muryoyi da dare, ba ta barci, tana surutai. Muka rubuta, aka ɗora ta a kan magani mai nauyi. Sai a kwana na biyar wata baiwar Allah da ke mana shara, wadda ita ma Mafa ce, ta tsaya suka yi hira. Ashe ɗanta aka ɗauke a wani hari da dare, tun daga nan duk motsin da ta ji a bakin ƙofa sai ta zabura ta kira sunansa, mijin kuma dukanta yake yi idan ta tashe shi. Ko kalma ɗaya daga wannan bai faɗa mana ba. Har yanzu idan na tuna kwanakin nan biyar raina yana ɓaci.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: mai zazzaɓin cizon sauro ana ɗibar jininsa a gani, mai karaya a yi masa hoto, amma mu gwajinmu magana ce. Idan maganar ta biyo ta bakin da bai dace ba, to maganin ma zai zo a karkace. Shi ya sa na ce ki fara da yare tun kafin ki fara zaɓen mutane. Mu takarda muka ɗauka muka bi kowa da ke karɓar albashi ko lada a asibitin, har masu gadi da masu shara da masu dafa abinci, muna tambayar wane yare kake ji. Sai ga Kanuri, Larabcin Shuwa, Mafa, Giziga, Musgum, Tupuri, Mandara, Kotoko, duk a cikin gidanmu, mu kuwa muna ta dogaro da dangin majinyaci. Muka koya musu riƙe sirri da fassara abin da aka faɗa ba ƙari ba ragi. Muka kafa ƙa'ida: yaro ba ya yi wa iyayensa tafinta, mace kuma dole a gana da ita ko sau ɗaya ba mijinta ko surukanta a ɗakin. Dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2019 kan harsunan hukuma ta ba ɗan ƙasa damar a saurare shi da Faransanci ko Ingilishi, kuma ta yi amfani ga abokan aikinmu da aka turo daga Arewa Maso Yamma, yankin masu jin Ingilishi, amma tsohuwar da ta sauko daga dutse ba ta jin ko ɗaya a cikinsu. Wannan giɓin ku ne za ku cike shi.

Batun wa zai shiga kuwa, kada ki bi lissafin ƙabila ɗai-ɗai, ba za ki gama ba, kuma za ki mai da kowa wakilin danginsa. Mu tara ne. A ciki akwai kujera biyu na waɗanda suka taɓa kwanciya a sashen suka samu sauƙi, da ɗaya ta mai zaman jinya, da ɗaya ta ƙananan ma'aikata. An yi mana gardama sosai a kan haka, wani ma cewa ya yi ta yaya za a zauna shawara da wanda jiya aka ɗaure. To shi wanda aka ɗauren ne ya fara tayar da maganar ɗauri. Ya ce mu duba mu gani, wa ake ɗaurewa da wuri? Muka koma littafin sashe, sai muka tarar yawanci samarin da aka kawo kan tiramol ne, da waɗanda ba mai jin yarensu, don idan mutum yana ihu ba a gane me yake cewa, sai a ɗauka faɗa yake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan muka sa dole a rubuta dalili da lokaci duk sanda aka ɗaure wani, a kuma dawo a duba shi. Akwai tsarin QualityRights da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2012 don auna yadda ake mutunta masu wannan lalura, yana da Faransanci, ki neme shi, zai rage miki wahala.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo mana a Disamba 2021, lokacin rikicin Larabawan Shuwa da Musgum a Logon da Shari kan ruwa, wanda ya kai har Kusiri, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Bayan ƙura ta lafa aka riƙa kawo mana mutane daga ɓangarorin biyu, a cikin ma'aikatanmu ma akwai 'yan kowane ɓangare. Wani dattijo ya ƙi buɗe baki saboda wanda zai yi masa tafinta daga ɗaya ɓangaren yake. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce idan muka canza masa mutum mun ɗaure wa ƙabilanci gindi. Ni ban yarda ba. Wanda aka ƙona masa gida watan jiya ba shi ne za a koya wa darasin zaman lafiya a kan gadon asibiti ba. Muka tsaya a kan cewa majinyaci yana iya neman wani tafinta, amma ma'aikaci ba shi da ikon cewa ba zai duba wane ba. Har yau akwai abokan aikina da ke ganin mun yi sassauci, ina kuma girmama ra'ayinsu.

Malamai da fastoci ba mu ba su kujerar dindindin ba, gayyatarsu muke yi. Kusan duk wanda ya zo mana ya riga ya biya ta wajen ruƙiyya ko addu'a ko boka, kuma zai koma. Yarjejeniyarmu da su: a yi addu'a, amma ba duka, ba mari, ba a ce a daina shan magani. Wani limami ne ma ya taimaka mana wajen fahimtar da iyalai batun magani a watan azumi.

Yanzu ga abin da ke hana shi mutuwa. Ki sa shugaban asibiti ya rubuta takardar umarni da hatiminsa, wadda ta ce zaman yana cikin lokacin aiki, in ba haka ba majo zai ce aiki ya yi yawa ya hana mutane zuwa. Rana ɗaya tsayayya a wata, matsala ɗaya a kowane zama, a rubuta wa zai yi me zuwa yaushe, a kuma buɗe zama na gaba da ita. Kuɗin zama ki guje shi, sai dai kuɗin babur ga tsoffin majinyata da ke zuwa daga gida. Canjin wurin aiki shi ne babban abokin gabarki, don haka kowane aiki mutum biyu su san shi. Akwatin ƙorafi mun gwada, wata uku ba takarda ko ɗaya, domin yawancin mutanenmu ba sa rubutu. Yanzu ranar sallama wani wanda bai yi jinyar mutumin ba yake zama da shi ya tambaye shi da baki, da yarensa. Kowace 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, muna karanta wa dukkan ma'aikata abin da muka gyara da abin da ya gagare mu.

Wanda ya gagare mu har yanzu shi ne kurame, ba mu da mai yaren hannu ko ɗaya. Idan kuna da shi a Garwa, don Allah ki sanar da ni. Ni kuma zan turo miki hoton takardar yarukanmu da ta umarnin ki ga yadda muka tsara su. Allah Ya taya ki riƙo.