Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ya ci ragowar wiwi a burodi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Kin ce ƙaninki mai shekara 22 ya kwashi ragowar wiwi daga irin ƙaramar na'urar nan da ke dumama ganye ba tare da ta ƙona shi ba, ya cuɗa da bota ya ci da burodi, ya kwana yana amai da firgita a gidanku na Unguwar Rimi a Kaduna. Abokansa sun ce ai an riga an shanye ƙarfinta, dusa ce kawai. Kina son sanin yadda ake gane ƙarfin abin, da abin yi idan haka ta sake faruwa.

Abokan nasa ba su san abin da suke faɗa ba. Ɗanyen ganyen wiwi ba ya ɗauke da THC mai yawa, wato sinadarin da ke bugarwa. Abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne THCA, wanda ba ya bugar da mutum sai zafi ya taɓa shi ya juye ya zama THC. Wannan juyin yana kankama da zarar zafi ya ɗan haura digiri 100 a ma'aunin Celsius, su kuwa na'urorin nan galibi tsakanin 180 zuwa 210 ake saita su. Wani kaso na sinadarin yana tashi da tururi mutum ya zuƙa, wanda ya rage a ganyen kuma akasarinsa ya riga ya juye. Saboda haka ragowar nan mai ruwan ƙasa a shirye take ta bugar da duk wanda ya haɗiye ta. Botar da ya saka ta ƙara taimaka mata, domin THC a cikin mai yake narkewa, hanji kuma ya fi tsotse shi idan ya zo tare da maiƙo.

Batun gane ƙarfinta kuwa, lissafin a takarda ba shi da wuya. A ce ganyen asali yana da THC kashi 15 cikin 100 idan an lissafa har da THCA ɗin da zai juye, kin ga giram ɗaya na ɗauke da miligiram 150. Idan na'urar ta bar kashi ɗaya cikin goma, saura miligiram 15 ke nan. Idan ta bar sulusi, saura 50. To amma babu lamba ko ɗaya a nan da yaron ya sani. Wiwin da ake sayarwa a lungu ba ta zuwa da takarda, wata ba ta wuce kashi 5 ba, wadda suke kira Loud kuwa tana iya haura 20. A ɗauka giram biyu ya ci. Idan mai kashi 5 ce kuma an zuƙe ta sosai har kashi ɗaya cikin goma kawai ya rage, miligiram 10 ya haɗiya. Idan mai kashi 25 ce kuma an bar sulusi, ya haura 160. Giram biyun bai canja ba, amma ƙarfin ya ninka sau goma sha shida.

Don ki ga girman waɗannan lambobi: a 2021 hukumomin binciken lafiya na Amurka sun tsayar da miligiram 5 a matsayin ma'auni ɗaya na THC. A Kanada, inda doka ta halatta sayar da abinci mai wiwi tun 2019, ba a yarda ƙunshi ɗaya ya wuce miligiram 10 ba, kuma shawarar hukumar lafiyarsu ga wanda bai saba ba ita ce kada ya wuce 2.5. Can ma a ɗakin gwaji ake auna abin kafin a rubuta lamba a jikin kwali.

Masu harkar sukan ce suna ganewa da launi: wadda ke da sauran kore ko ruwan zuma tana da ƙarfi, wadda ta yi duhu kamar gasasshen kofi ta mutu. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, sai dai bai isa a dogara da shi ba. Na'urar ba ta dumama ganye daidai wa daida. Na jikin bango yana soyuwa, na tsakiya yana nan da sauransa. Ganyen kuma yana rage nauyi bayan danshi ya fita, don haka giram ɗaya na ragowa ya fito ne daga fiye da giram ɗaya na ɗanye. Sannan yaran nan tara ta suke yi a gwangwani mako da makonni, ta wannan dila da ta wancan duk a haɗe. Ko a cikin botar ma ba ta gauraya sosai, kamar yaji ne a kwaɗon zogalen da ba a juya ba, loma ɗaya lami, ta gaba ta sa hawaye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wadda ake kira Colorado ko Colos, wadda sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Ita ba ta shiga wannan lissafi sam, kuma tana kawo farfaɗiya da ciwon ƙoda.

Sai dalilin da ya sa ci ya fi zuƙa tsanani. Wanda ya zuƙa yana jin abin cikin mintuna kaɗan, ya kai ƙarshen ƙarfinsa kafin rabin awa, ya sake shi bayan awa biyu zuwa uku. Wanda ya ci kuwa sai abin ya bi ta hanji ya isa hanta, ita kuma ta juya wani kasonsa zuwa 11-hydroxy-THC, wanda ke shiga ƙwaƙwalwa da ƙarfi. Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin ya fara, ya kai ƙololuwa wajen awa 2 zuwa 4, ya riƙe mutum awa 6 zuwa 12, kasala da jiri kuma su bi shi har washegari. A wannan jinkirin ake faɗawa rami: mutum ya ci, minti arba'in shiru, ya ce ai da ma an faɗa ba ta da ƙarfi, ya ƙara. Ki tambayi ƙanin naki a hankali, da wuya idan ba sau biyu ya ci ba.

Idan ta sake faruwa, alamomin da aka saba gani su ne bugun zuciya da sauri, jan ido, bushewar baki, jiri idan ya miƙe, amai, da tsoro mai tsanani har ya riƙa cewa mutuwa zai yi ko ana bin sa. A kai shi ɗaki mai iska, a rage haske da hayaniya, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa yana gaya masa cewa abin zai wuce. Taron 'yan gida a kansa, wannan na salati da ƙarfi wancan na faɗa, ƙara masa firgici yake yi. Idan barci ya ɗauke shi a kwantar da shi a gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwar sama, kada ya kwanta rigingine amai ya shaƙe shi. A riƙa duba numfashinsa, ana ɗan taɓa shi a ga yana amsawa. Ruwa kaɗan-kaɗan, shi ma sai idan yana farke sosai yana iya riƙe kofi da kansa.

Kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba yi wa wanda ya sha guba. Ba sa karya komai, maiƙonsu ma na iya taimaka wa abin da ya rage a ciki ya shige jini, ga haɗarin su bi ta hanyar numfashi. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Kada a je kemis a karɓo maganin barci ko wani abu mai kodin don a kwantar da shi. Babu ɗauri, babu duka. A ɗauke makullin mota ko na mashin har sai an kwana an wuni.

Asibiti kai tsaye idan ya yi ƙorafin ciwon ƙirji, ko ya yi jijjiga, ko an kasa tashinsa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yana neman ji wa kansa ko wani rauni. Haka ma idan yana da ciwon zuciya, ko ana zargin ya haɗa da giya, tramadol ko maganin tari. Sashen gaggawa na asibitin Barau Dikko bai yi muku nisa ba. Ku tafi da ragowar abin da ya ci, ku faɗa wa likita gaskiya da lokacin da ya ci. Babu allurar da ke karya THC; abin da ake yi shi ne ƙarin ruwa, maganin amai, sa ido kan zuciya da numfashi, da maganin kwantar da hankali idan likita ya ga da buƙata. Gwajin fitsari yana nuna an sha, ba ya nuna yawan da aka sha.

In kwana ɗaya ko biyu sun wuce yana nan yana jin muryoyi, ko yana zargin mutanen gida, ko ya daina barci, wannan ya wuce maye. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, musamman idan akwai mai taɓin hankali a dangi, domin wiwi tana tayar da ciwon ga wanda ke da shi a kwance. Suna kuma karɓar masu neman barin shaye-shaye. Shi ma ya kamata ya san cewa riƙe ragowar laifi ne a dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kamar riƙe sabuwa, ba ruwan kotu da cewa an riga an zuƙa.

Tun da kin ambaci cewa yaranki ƙanana suna shiga ɗakinsa, ki nemo gwangwanin da botar yau ɗin nan ki fitar da su daga gidan, ki wanke wuƙa da farantin da ya yi amfani da su da sabulu. Abin da zai sa saurayi mai kilo 65 ya kwana yana amai zai iya sumar da yaro mai kilo 12, jikinsa ya saki, numfashinsa ya yi rauni. Yaro idan ya lasa ko kaɗan ne ba a jiran alama, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da a lokacin yana wasansa lafiya lau.