Amsa ga ƴar uwa mai tambaya kan yaronta da ya fi son zama cikin mata

Ƴar uwa na karanta tambayarki, kin ce ɗanki ɗan shekara 5 kullum yana kicin da yayyensa mata, yana goya ƴar tsana, har dangin babansa sun fara ce masa ɗan daudu. Wallahi abin ya taɓa ni don ƙanina haka ya taso, shi kaɗai namiji cikin mata huɗu.

Yaro tun yana shekara 2 zuwa 3 yake sanin shi namiji ne, kuma yaro akwai kwaikwayo, sau da yawa abin da idonsa ya gani shi zai yi. To wa yake gani daga safe har dare? Ke da yayyensa. Babansa ya fita tun asuba sai bayan isha'i, ina zai ga namijin da zai kwaikwaya?

Mu namu babanmu ne ya fara jan shi masallacin Juma'a, ya ɗora shi a babur zuwa kasuwa, ba duka ba tsawa, a hankali ya samu abokan ƙwallo, kuma har yau ya fi ni iya miyar kuka. Ai masu shayi da masu tsire duk maza ne, kuma Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida.

Sunan nan ne ya fi damuna, don Allah ki tsawatar, ko surukarki ce ki faɗa mata cikin ladabi. Ƙanina sau ɗaya kawunmu ya kira shi haka a gaban baƙi, kwana biyu yaron nan bai fito tsakar gida ba.