Me ya kai Yahudawa 'yan ƙaura cikin harkar waƙa da fim a Amurka?

Tambaya: Malam, na ji an ce wanda ya rubuta fitacciyar waƙar Kirsimeti ta Amurka Bayahude ne. Gaskiya ne? Kuma me ya sa sunayensu suka yi yawa a tarihin waƙa da fim na ƙasar?

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa. Sunansa Irving Berlin. An haife shi a daular Rasha a 1888, iyayensa suka iso New York da shi a 1893 yana ɗan shekara biyar. Mahaifinsa mai rera addu'o'i ne a wurin ibadarsu, ya rasu yaron bai gama tasawa ba. Tun yana ƙarami ya shiga tallar jarida, daga baya ya zama mai kai abinci yana yi wa baƙi waƙa. Shi ya rubuta White Christmas da Bing Crosby ya rera, haka ma God Bless America. Abin da ya fi burge ni game da shi: kusan baƙaƙen maɓallan fiyano kawai yake taɓawa, don haka ya riƙa amfani da fiyano mai ɗan hannu da ke sauya masa sauti.

Amsar tambayarki ta biyu tana cikin halin da suka tarar. Tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa kimanin miliyan 2 suka baro Gabashin Turai zuwa Amurka saboda hare-hare da talauci. Manyan bankuna da jami'o'i ba su cika buɗe musu ƙofa ba. Harkar nishaɗi kuwa sana'a ce da masu hali suka raina, jarinta kaɗan ne, gidan kallo ma a wancan lokacin santi biyar ake biya a shiga. Adolph Zukor, wanda ya gina kamfanin fim na Paramount, da can fatun dabbobi yake sayarwa. Samuel Goldwyn kuma, kafin ya zama mai shirya fina-finai, dillalin safar hannu ne. George Gershwin, ɗan 'yan ƙaura, yana shekara 15 yake zaune a kamfanin buga waƙoƙi yana kaɗa fiyano don jawo masu saye.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na tsaya nan. Tushen kiɗan da suka gina arziki a kai, wato jaz da buluz, na baƙar fatar Amurka ne, kuma sau da yawa masu shi ba su ga riba ba. Al Jolson, ɗan mai rera addu'a daga Lituweniya, ya fito a fim ɗin The Jazz Singer a 1927 da fuska shafe da baƙin fenti yana kwaikwayon baƙar fata. Wannan abin yana ƙona min rai har yau. Amma a 1936 Benny Goodman, makaɗi Bayahude ɗan 'yan ƙaura, ya hau dandamali tare da Teddy Wilson da Lionel Hampton, makaɗa baƙar fata, a zamanin da dokar wariya ke aiki a kudancin ƙasar, kuma ya san yana iya rasa masu gayyatarsa wasa saboda haka.