Filin Harshe: Tambayoyin Masu Rubuta wa Yara Littafi

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga waɗanda suka halarci wani taron bita kan rubuta littattafan yara da buga su.

Wata malamar firamare daga Funtuwa: A wurin taron wani ya kira kansa mawallafi, aka ce masa a'a, shi marubuci ne, mawallafi shi ne mai kamfanin buga littattafai. Wa ke da gaskiya?

Malama, mutumin nan bai yi kuskure ba. Wallafa da talifi tushensu ɗaya a Larabci, wato harhaɗa magana a tsara ta ta zama littafi. Shi ya sa aka kira ofishin da Baturen nan Dakta Rupert East ya riƙe a Zariya, wanda ya shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Hukumar Talifi. Mai kamfani bugawa yake yi, wurin aikinsa kuma maɗaba'a. Na san yanzu ko gaisuwa mutum ya sa a Facebook sai a ce ya wallafa, har gidajen rediyo sun ɗauka. Amma a bangon littafi dai a bar wa mai alƙalami sunansa.

Wani matashi daga Maraɗi: An shawarce mu mu cire "Ga ta nan, ga ta nanku" da "Ƙurunƙus" saboda ɓata takarda ne. Mene ne ma ƙurunƙus ɗin?

Ɗana, ƙurunƙus shelar ƙarewa ce, magana ta zo ƙarshe ke nan. Wasu kan ce "kan kusu", wasu "kan ɗan ɓera", kusu da ɓera kuwa abu guda ne, bambancin karin harshe ne kawai. Shawarar cirewar ce ta dame ni. Wanda ya ba da ita bai lura da aikin da jimlolin nan suke yi ba. In kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba ta ci gaba sai yara sun amsa "Ta zo mu ji ta". Da wannan amsa yaro ya shiga cikin zancen da bakinsa, ya kuma san abin da zai biyo baya ba labarin gaske ba ne. A can ƙarshe ta ƙara masa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Bahaushe ya raba tatsuniya da labari tun kafin a kawo masa boko, kuma da waɗannan kalmomi ya raba su. Ka cire su, ka miƙa wa ɗan shekara 6 Dodo da Botorami ba tare da ka gaya masa ko gaske ne ko wasa ba.

Ku ma a wajenku ai "gatana" ake cewa maimakon tatsuniya, sunan ya fito daga mabuɗin nan kansa. To yaya za a yar da abin da ya ba ta suna? Duba Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ɗalibai suka daɗe suna karantawa a makarantu. Daga bakin mutane aka samo su, kuma mai karatu yana jin muryar mai bayarwa. Wannan murya ce nake nema a sababbin littattafai ina rasawa. Sai ka ga an rubuta "Sau ɗaya a wani lokaci", Hausar da babu kakar da ta taɓa furta ta. In ba tatsuniya kake yi ba, ga "Wata rana" nan, ga "A zamanin da".

Wani mai zane daga Kano: Yaya zan zana Ƙoƙi, matar Gizo?

Nemi ƙoƙi-ƙoƙi, ƙwaron nan mai dogayen hannuwa, ka dube shi da kyau.

Wata marubuciya daga Bauci: Mai buga mini littafi ya ce kwamfutarsa ba ta da haruffa masu ƙugiya, wai mai karatu zai gane.

Babba zai gane, domin ya riga ya san kalmar. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali fa? Kin rubuta masa "kafa" kina nufin ƙafa, "baki" kina nufin baƙi, "gada" kina nufin gaɗa. Abin da ya gani shi zai furta, shi kuma zai rubuta gobe. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna nan a kwamfuta da waya, ƙiwa ce kawai. Hajiya, ki canza maɗaba'a. Kafin ki miƙa rubutun kuma ki raba "yace" da "tazo" su koma "ya ce" da "ta zo", ki ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kusa da ke.

Wani ɗalibi daga Zariya: Ina so in sa wa littafina suna "Yaro Man Kaza". Ya dace?

Ƙarasa karin maganar ka ji: in ya ji rana sai ya narke. Manya ke faɗin ta don nuna yaro ba shi da juriya. Yaron da zai karanta kake zagi tun daga bango, nemi wani sunan.